Safar Hannun Sarkin Faransa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau uku ina ɗauko kaye, wato littafin rubutu, ina mayarwa, domin akwai ƙaryata a cikin labarin, kuma ni ba mai zurfin karatu ba ce, aji biyar kawai na yi a lakwal, wato makarantar boko, ta garin Deule. Amma safar tana nan a cikin kwallata har yau. In na mutu ban faɗa ba, wanda ya buɗe kwallar zai ɗauka tsumma ce, ya jefar.

Sunana Furera. Kakana, mahaifin babana, sunansa Alƙasim, amma a ƙauyenmu Ansiyan ake ce masa, saboda ya yi sojan Faransa a yaƙin Jamus. Dogon tsoho ne mai son zolaya. Amarya yake ce mini, yadda kakanni ke yi wa jikokinsu, ni kuwa ko ramawa ba na iyawa, sai dai in rufe fuska da gefen zane. Hannunsa na hagu lafiya lau yake. Na dama kuwa yatsu uku ne suka rage, sanyin Faransa ya cinye biyu.

Yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai kakinsa, da lambobin yabo biyu, da takardarsa ta soja, da safar hannu guda ɗaya ta ulu, mai ruwan toka, ta hannun hagu. An ɗinke babban yatsanta da jan zare, ɗinki mai kyau, irin na mace mai haƙuri.

Ba wanda bai san labarin safar nan ba, don ya sha ba da shi.

"Alman sunka kama mu," in ji shi, yana nufin Jamusawa, "sunka tara mu a wani gari ana ce mishi Fuwace, baƙaƙen soja zalla, cikin shingen waya. A sanyi na biyu anka kai mu daji saran icce. Hannu na mannewa a ƙotar gatari. Akwai wani nasara cikinmu, shi ma kamamme ne, shina taimakon lokotoro wajen duba marasa lahiya. Ba mu san sunanai ba, Dogo muke ce mishi. Safa guda gare shi, ɗayan hannun tsirara. Da yag ga hannuwana sun yi fari, sai yac cire ta, yas sa mini da kainai. Yac ce, riƙe mini, in na dawo in amsa. Bayan kwana ukku kamyo, babbar motar soja, yat tahi da shi. Ban koma ganinai ba."

Daga nan sai ya ɗaga hannuwansa biyu. "Wanda yas sa safa ga shi. Wanda bai sa ba ga shi. Kuma ku ji da kyau, ba kyauta yab ba ni ba. Riƙe mini yac ce. Amana ce."

Duk nasaran da ya biyo ta ƙauyenmu, masu ginar rijiya ne ko masu allurar dabbobi, sai Kaka ya sa kaki, ya tare shi, ya sara masa, ya nuna safar. Wasu su yi murmushi, wasu su ɗauke shi hoto. Ba wanda ya san Dogo.

Ni kuma ina da nawa abin ajiya. A shekarar fari, lokacin da rumbuna suka ƙare, babana Rabo ya tafi Abijan neman aiki. Ya dafa kaina a bakin hanya, ya ce kafin a yi shuka zai dawo. Bai dawo ba. Aka cire ni daga lakwal don in taya Inna jan ruwa da neman itace. Ranar da na je sallama, malaminmu, Mushe Ɗangana, ya buɗe wani kwali na tsofaffin littattafai da gara ta fara ci, ya zaro ɗaya ya ba ni. Ba shi da bango, ba farko, ba ƙarshe. Tarihin sarakunan Faransa ne na dā.

"Ke ba ki magana, Furera," in ji shi, "to ga wanda zai yi miki."

Shekara shida ina bin littafin nan da yatsa, kalma kalma. Da yawa ban gane ba. Amma akwai sarki ɗaya da na karanta har takardun wurin suka yi laushi kamar tsohon zane. Sunansa Jean, ana yi masa laƙabi da Mai Kirki. Ya hau gadon ubansa ƙasa tana cikin yaƙi da Ingila, kuma wata annoba ta gama kwashe mutane. Ya fita yaƙi da kansa. Da rundunarsa ta watse bai gudu ba, ya tsaya a ƙasa da gatari a hannu, ƙaramin ɗansa na gefensa yana gaya masa ta inda maƙiya ke zuwa. Da aka ci ƙarfinsa, ya cire safar hannunsa ta dama ya miƙa, alamar ya sallama. Aka kai shi Landan. Bayan shekara huɗu aka sake shi bisa sharaɗi, aka riƙe ƴaƴansa a madadinsa. Sai ɗaya daga cikin ƴaƴan ya tsere. Da sarki ya ji, ya ce an karya maganarsa. Fadawa suka hana shi, bai hanu ba. Ya shiga jirgin ruwa ya koma hannun waɗanda suka kama shi, can kuma ya mutu.

Littafin bai yabe shi sosai ba. Ya ce jarumi ne amma bai iya mulki ba, ya bar ƙasa cikin wahala. Ni wannan bai dame ni ba. Nakan zauna bayan rumbu in duba hotonsa, in riƙa tunanin mutumin da ya ce zai koma, kuma ya koma.

A bazarar da zan ba da labarinta ina da shekara goma sha bakwai. Idanun Kaka sun rufe, sai haske da duhu yake rarrabewa. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na yi masa wuya. Ya daina zolaya, ya daina cin tuwo. Inna ta dama fura ta kai masa, ya ture.

"Baraka," ya ce mata, "in na tahi da kayan mutum a akwatina, mi zan ce in an tambaye ni?"

Wata rana bayan azahar ya kwanta a rumfa, ni ina bayan rumbu ina karatu ƙasa-ƙasa, na ɗauka barci yake. Na zo kan sunan garin da aka kama sarkin. A rubuce Poitiers ne, na furta shi yadda Mushe ya koya mana.

"Amarya!"

Na kusa yar da littafin.

"Mi kinka ce yanzu? Maimaita."

Na maimaita.

"Fuwace!" Ya tashi zaune, abin da ya yi kwana goma bai yi da kansa ba. "Wa anka kama a Fuwace?"

"Wani sarki ne, Kaka."

"Zo nan. Hwaɗa mini duka."

Na zo na durƙusa, na fara ba shi da Hausa. Da na kai wurin da sarki ya cire safa ya miƙa, sai ya cafke hannuna.

"Wace? Dama ko hagu?"

"Dama."

Ya sake ni a hankali. "Shekara arba'in ina tambayar kaina ina ɗayar ta tahi," ya ce. "A kira mini Liman."

Bayan la'asar Liman Surajo ya zo, tare da dattawa huɗu ko biyar. Har da Illa, taubashin Kaka, wanda ba su taɓa zama wuri ɗaya ba su yi musu ba. Ni aka sa na zauna a gefen tabarma, kaina a ƙasa. Ban taɓa magana a gaban maza haka ba. Muryata ba ta fita, sai Kaka ya riƙa ɗaga abin da na faɗa.

"Ɗiyata," in ji Liman, "takardar ta hwaɗi shekarar da anka kama shi?"

"Ta faɗa, Malam. Dubu da ɗari uku da hamsin da shida."

Liman ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane da yatsa. A shekarar ne aka shiga dubu da ɗari huɗu ta Hijira, kowa ya san haka, don an yi ta maganar sabon ƙarni a masallaci.

"Bana dubu da ɗari huɗu," ya ce. "Ke nan shekara arba'in da huɗu. Yaushe anka sake shi?"

"Da sittin."

"Shekara arba'in. Ansiyan, kai yaushe kag ga mutumin nan?"

"Arba'in, ko saura kaɗan."

"Yaushe ya rasu?"

"Da sittin da huɗu, Malam."

Liman ya ɗago kai. "Shekarar da yaƙi ya ƙare ke nan, wadda kunka fara dawowa gida. Allahu akbar."

Dattawa suka ɗauki salati. Wani ya tambayi shekarar da sarkin ya hau gado, na ce da hamsin, ya ce ai ita ce shekarar fara, da aka yi ta mutuwa a Adar, ashe har can abin ya kai.

Ni na sani. Tun Liman bai gama zanen farko ba na sani. Shekara biyar ina rubuta kwanan wata a allo kowace safiya, na san nasara ba da Hijira suke ƙidaya ba. Maganar tana bakina. Amma Liman ne, wanda ya raɗa mini suna, ga furfura kewaye da ni. Na kalli Kaka, na ga fuskarsa yadda ban gan ta ba tun ranar da babana ya tafi. Na yi shiru.

Illa ne kawai ya ja. "Tsaya, Ansiyan. Kai ka ce Alman sunka kama ku. Yarinya ta ce Ingilishi sunka kama wanga."

"Kai da ba ka taɓa wuce Ƙonni ba, mi kas sani? Lokacin nan kowa na kama kowa."

"To sarki guda, mi ya kai shi daji saran icce da irinku?"

"Ya zo ganin talakawanai a inda anka kama shi. Ba Mai Kirki ake ce mishi ba?"

"Sarakuna na ɓad da kama," in ji Liman.

"Ni dai ban taɓa ganin sarkin da safa biyu ta gagara ba," in ji Illa. Aka yi dariya, har da Kaka.

Da suka watse ya ce a kawo masa tuwo. Ya cinye, ya nemi ƙari.

"Ashe bai manta ni ba," ya ce wa Inna. "Alkawali biyu gare shi, Baraka. Ya tahi cika babban, mutuwa ta tare shi. Ni ina nan ina ta zarginai a zuci."

Daga ranar, kowace la'asar ana taruwa a rumfarmu in karanta. Mata na leƙowa ta kan danga. Yara suka fara ce mini Malama. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ni da ake mantawa da ni a wurin rabon goro, yau ni ake jira.

Nan ne ƙaryar ta girma. Littafin ya ce kibau ne suka karya rundunar sarki, ni na ce harsashi. Ya ce dawaki, na ce kamyo. Gatari kaɗai na bari yadda yake.

"Gatari!" in ji Kaka. "Ya iya shi kuwa. Na gan shi da idona, sara biyu icce ya hwaɗi."

Ya ce in kwatanta masa hoton. Na ce dogo ne, wannan gaskiya ne. Ban ce ƙarfe ne a jikinsa daga kai har ƙafa ba.

"Safar fa? Irin tawa ce?"

Ta hoton ta ƙarfe ce, mai gaɓoɓi kamar bayan kunama.

"Irin taka ce, Kaka."

Ya fi son wurin da ƙaramin ɗan ya tsaya kusa da ubansa. Sau da yawa yakan ce in koma can. In na gama sai ya juya fuskarsa wajen hanyar da ke gangarawa Madawa. Ni ma can nake kallo. Ba wanda ya taɓa ambaton sunan babana a cikinmu.

Da haka abin ya tsaya, wataƙila da har yau ban faɗa ba. Amma ran nan Kaka ya tambayi Liman hukuncin amana in mai ita ya rasu.

"Ta magada ce," in ji Liman. "Sarkin ya bar baya?"

Aka juyo gare ni. Na ce babban ɗansa ya gaje shi.

"To shi ke nan," in ji Kaka. "Yamai za ni, gidan jakadan Faransa. In sa ta a hannunai, shi ya san inda ɗiyan suke."

Aka ɗauka wasa ne. Amma ya aika aka kira Jima, mai kamyon da ke kwasar albasa zuwa Madawa, suka yi magana zai ɗauke shi ran kasuwa. Daga Madawa ya nemi motar Yamai. Kwana biyar suka rage.

Inna ta yi kuka, ta yi roƙo. Lokotoron asibitin garin Buza ya riga ya gaya mata ko masallaci kada ya je da ƙafa. Hanyar kuwa duwatsu ce da gangara, mai lafiya ma sai ya kwana biyu yana jin ƙashinsa. Liman ya ce a ba wani ya kai, Kaka ya ce amanar da aka sa masa a hannu, da hannunsa zai mayar. Illa ya ce, "In kam mutu bisa buhun albasa, wa zai yi maka kuka? Kowa zai ce albasa ce ta sa shi hawaye." Kaka bai canza shawara ba.

A bakin rijiya Inna ta tsayar da ni. Ita ba ta san karatu ba, amma ta san fuskata.

"Furera, kwana uku ba ki cin abinci. Akwai abin da ke cikin takardar nan da ba ki hwaɗi ba?"

Na sunkuyar da kai, na ci gaba da jan wasaki.

"In ya hau motar nan ba shi dawowa," ta ce. "Guda ya riga ya bi hanyar nan. Ya ishe ni."

Kwana huɗu ina shirya maganar a zuciyata. In na tunkare shi sai in juya baya. Ina tsoron in faɗa ya koma ya juya wa tuwo baya, ya mutu da baƙin ciki. Ina tsoron in ƙi faɗa ya mutu a hanya. Kuma ina jin kunyar Liman, da dattawa, da yaran da ke ce mini Malama.

Ana gobe tafiya, da la'asar sakaliya, ya ce in fito da kakin in kakkaɓe, in liƙa masa lambobin. Ba kowa a rumfar sai mu biyu. Ya sa rigar, ta yi masa yawa a kafaɗa. Na buɗe akwati don in ɗauko safar, sai hannuna ya faɗa kan takardarsa ta soja. Na buɗe ta. Ga shekarun nan a rubuce da tawada, da hannun wani nasara.

Na zauna a gabansa da takardar a cinya.

"Kaka."

"Na'am, amarya."

"A takardarka an rubuta shekarar da aka ɗauke ka soja. Dubu da ɗari tara da talatin da tara."

"To?"

"An sallame ka dubu da ɗari tara da arba'in da biyar. Haka nasara ke ƙidaya. Ba su bin Hijira. Bana a wurinsu dubu da ɗari tara da tamanin ce." Na dafa takardar da hannu. "Littafin nan nasu ne, da ƙidayarsu aka rubuta shi. Sarkin ya mutu kusan shekara ɗari shida kafin ka je Fuwace. Ba harsashi ba ne, kibau ne. Ba kamyo, dawaki ne. Safarsa ta ƙarfe ce. Ba Dogo ba ne, Kaka."

Wata akuya ta zo ta shinshina tabarma ta wuce. Ya ɗora hannunsa mai yatsu uku a kan lambobin, yana shafa su kamar yana ƙirga ko sun cika.

"Tun yaushe kin sani?"

"Tun ranar farko."

"Mi ya hana ki hwaɗi?"

"Liman ne ya yi lissafin. Na ji kunya." Hawaye suka zubo mini. "Kuma na ga kana cin tuwo."

"Kunyarki ta kusa kai ni Yamai bisa albasa," ya ce. Amma bai yi dariya ba. Ya fara ɓalle maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya. Na taimaka masa ya cire. Ya zauna da ƴar shara, ya koma ƙaramin tsoho, kafaɗunsa duk ƙashi.

"Na yi mishi addu'a," ya ce. "Na yafe mishi, na ce ya yafe mini. Na ɗauka an gama."

"Ka yafe ni, Kaka."

Rana ta sauka har ta shigo ƙarƙashin rumfa, ta haske masa fuska. Can sai na ga girarsa ta motsa.

"Tsaya. In wancan ne ya mutu a Landan, ke nan Dogo bai mutu a Landan ba."

"Ban sani ba, Kaka."

"Ba ki sani ba. Ni ma ban sani ba. Ba wanda yas sani." Ya gyara zama. "Bai girme ni ba sosai. In ni ina nan, shi ma shina iya zama nan. Wataƙila shina can zaune awa ni, hannu guda na yi mishi ciwo in sanyi ya zo."

Ban san ko murna ce a muryarsa ko ciwo ba. Ina jin shi ma bai sani ba. Kwana ashirin ya huta da jira, yanzu ga shi na mayar masa da kayansa.

"Amarya, in tambaye ki. Sarakuna cike da littafi. Mi ya sa wanga kaɗai kike karantawa?"

Na ce, "Don ya ce zai koma, ya koma."

Ya miƙo hannu ya lalubo kaina, ya dafa daidai inda babana ya dafa. Ya bar shi nan.

"Biyu nike jira," ya ce. "Ke guda."

Bayan wani lokaci ya ce in miƙo safar. Ya juya ta, ya shafa jan ɗinkin da babban yatsansa.

"Wadda ta yi ɗinkin nan za ta gane shi. In ba ta, ɗiyanta za su gane. Ni ƙafata ta ƙare, idona ya ƙare. Ke hannunki ya san takarda." Ya sa safar a tafina, ya naɗe yatsuna a kanta. "Riƙe mishi. Ba kyauta na ba ki ba."

"Na ji, Kaka."

"Kada ki sa ta a gidan waya ta ɓace. Ki tambaya da takarda tukuna. Garin Fuwace ba shi rasa maigari."

"Liman fa?"

"Bar ni da Liman, malami ne, in an nuna mishi zai karɓa. Illa ne damuwata. Zai yi mini dariya har damina ta hita." Ya ja numfashi. "Aika a gaya ma Jima na fasa. Ki ce ma uwarki ta dama mini fura. Shi kuma sarkin, kada ki daina karanta mini shi. Amma da kibau ɗinai da dawakinai. Mutumin kirki ne, ko ba nawa ba ne."

Washegari, da gari ya waye, na yago takarda biyu daga tsakiyar tsohon kayena. Na shimfiɗa safar a kan ɗaya, na bi gefenta da bik, wato biro, har yatsu biyar suka fito. Wurin ɗinkin na ɗiga jan galura da tsinke. A ɗayar na rubuta da ɗan Faransancina cewa akwai tsohon soja a Adar, an tsare shi a garinku, wani dogon mutum mai taimakon lokotoro ya ba shi ajiya a daji, ajiyar tana nan, ba ta lalace ba, muna jira. Na karanta wa Kaka, ya ce in ƙara cewa hannun hagu ya tsira. Na ƙara.

Na bi matan da ke zuwa kasuwa, muka taka har Buza. Ban taɓa shiga gidan waya ba. Na tsaya a bayan mutane har kowa ya gama. Ma'aikacin ya ba ni ambulan da tambur, wato kan sarki, ya tambayi inda za ta. Na faɗa, bai ji ba.

"Ɗaga murya, yarinya."

Na ɗaga kai, na dube shi.

"Faransa," na ce. "Wurin maigarin Poitiers."

Ya ɗan kalle ni, ya miƙo mini bik ɗinsa. Na rubuta da kaina, na lashi tambur na manna, na saka a akwatin. Sai da na ji faɗuwarta a ciki na cire hannuna. Kafin in fita na koma na tambaye shi ranar da motar wasiƙu ke zuwa, ta Faransa da ta Abijan. Ya faɗa mini, ya ce duk mota ɗaya ce ke kawo su. Na rubuta ranar a tafin hannuna, na kama hanyar gida.